Iskar da Ke Sito

Kai mai karatu, kafin ka wuce layin nan, tashi ka buɗe taga. Ba wasa nake yi ba. Waɗannan wasiƙu ne da muka yi ta aika wa juna ni da 'yata a daminar da ta wuce, lokacin da take can bakin wani tafki tana aikin bincike. Na haɗa su wuri ɗaya ne saboda 'yan uwa sun ishe ni da tambayar abin da ya sami maigidana, kowa kuma da irin labarin da yake ƙarawa. Ban gyara ko kalma ɗaya ba, har wuraren da ba su yi mini daɗi ba. In dariya ta zo maka a tsakiya, ka haɗiye ta. Saura kaɗan a ɗauki gawa a gidan nan.

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kina kuma yin sallarki a kan lokaci. Mu nan lafiya lau, in ban da tarin babanki da ya ƙi tafiya tun shigowar damina. Yayanki ya leƙo mu ya koma. Kin san mai tuƙin dogon zango, ganinsa sai an dace.

Kafin ya tafi ya yi abin kirki. Ya sayo wa babanki ƙaramin janareta, tunda wutar unguwar nan sai ran da ta ga dama. Yanzu keken ɗinki na gudu tun safe, ba a ƙara dawo wa mutane da yadinsu ana ba su haƙuri. Ni kuma na bi tagar shagon na toshe ta da tsummoki, don ta nan sanyi ke shigowa yana tayar masa da tari. Shagon ya yi ɗumi sosai. Babanki har cewa yake, "Hedimasta, da kin san da wannan dabara tun tuni kika bar ni ina kaɗuwa?" Har yanzu bai daina kirana da sunan nan ba, a gaban masu kawo ɗinki ma.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Ban ji daɗin wurin da suka tura ki ba. Wurin da waya ba ta shiga, sai an jira direban da ke kai muku kayan abinci ya kawo takarda, wannan ba wurin 'ya mace ba ne, ba wurin ɗa namiji ba ne ma. Na yi shiru ne don babanki ya sa baki. Jiya maƙwabciyarmu ta tambaye ni aikin me kike yi, na ce kina auna ruwa. Ta ce, "Da mudu ko da bokiti?" Na ji kunya. Ni ba jahila ba ce, na gama sakandare tun ba a haifi malamanki ba. Ki rubuto mini dalla-dalla, da Hausa, abin da kike yi a can, yadda zan iya amsa wa mutane.

Ki riƙa rufe ƙirjinki. Kada ki shiga kwale-kwale da wanda ba ya salla.

Mamanki.

*

Zuwa ga Mama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba da jiki. Ni lafiyata ƙalau, har ƙiba na yi. Ki gaya wa maƙwabciya da ludayi muke aunawa, shi ya sa aikin ya ƙi ƙarewa.

Ga abin da muke yi, Mama. Kin san in kika ɗora tukunya a wuta, ruwan ƙasa ne ke fara zafi, ya taso sama, na saman ya gangara, haka suke ta juyawa. Karatuna ke nan gaba ɗaya: yadda zafi ke tafiya a cikin ruwa da iska, da yadda yake tura su su motsa. Tafkin nan kuwa ya ƙi juyawa. Rana tana ɗumama ruwan da ke samansa, na can ƙasa kuma yana nan da sanyi da nauyi, sai mai ɗumin ya zama kamar murfi. A ƙarƙashin murfin nan akwai iska a kwance shekara da shekaru. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Muddin murfin yana nan, ba ta taɓa kowa. Amma in wani abu ya girgiza tafkin, ko saman ya yi sanyi fiye da kima ya nutse, sai ta tashi gaba ɗaya ta bi kwari ta shiga gidaje. Ba ta da ƙara. Mutum yana zaune sai ya ji kansa ya yi nauyi, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Tsuntsaye da ƙananan dabbobi take fara kayarwa. Wanda ya samu ya fita sarari inda iska mai kyau ke kaɗawa, shi ne ke tsira.

Kada ki tsorata. Aikinmu shi ne mu hana hakan. Kullum da safe muna shiga kwale-kwale, mu zura doguwar igiya mai ma'aunan zafi a jere, mu ga ko murfin yana nan da ƙarfinsa. Injiniyoyi kuma sun kafa bututu har ƙasa yana fitar da ita kaɗan-kaɗan. Ni ce nake lissafa musu yawan da za a saki ba tare da an ta da sauran ba. Mai tuƙa kwale-kwalenmu kuwa ya fi ni salla, shi yake tashina.

Na yi murna da janareta. Af, a ina kuka ajiye shi?

'Yarki.

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan sallama. Ba zan ce miki muna lafiya ba, don ba na ƙarya a takarda.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta wasiƙarki ina tsaye, sai da na nemi kujera. Ashe wurin iskoki suka kai ki? Da bakinki kika ce ba a ganinta, tana kwance a ƙarƙashin ruwa shekara da shekaru, tana bin gidaje tana ɗauke mutane a cikin barci. Ni ba ƙaramar yarinya ba ce, na san sunan wannan abin. Kuma maimakon ku bar ta inda Allah Ya kwantar da ita, kuna zura mata igiya kowace safiya kuna tsokanarta, har da bututu. Wannan ba ilimi ba ne, rashin kunya ne. Karatun da ba ya koya wa mutum abin da zai ji tsoro, ban ga amfaninsa ba.

To ki ji abin da ke faruwa a gidanku. Babanki yana fama da ciwon kai irin wanda bai taɓa yi ba. Da safe garau yake tashi. Kafin azahar sai kan ya ɗauka, jiri ya biyo baya, zuciyarsa ta riƙa tashi. Mutumin da ke zura zare a allura ba tabarau, shekaranjiya ya ɗinke wa wani hannun riga a wuya. Da na yi magana ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ce, "Wace riga?" 

Na kai shi asibiti. Muna zaune a layi a farfajiya ya warware, har yana tsokanar ma'aikaciyar jinya. Likita ya auna jini, ya auna ƙirji, ya ce bai ga komai ba sai gajiya. Muka dawo gida, ya shiga shago, ciwon ya dawo. Ki gaya mini, wace cuta ce ke jin tsoron asibiti ta tsaya jiran mutum a gida?

Sannan kanarinsa. Kin san kejin da ke rataye a saman keken ɗinki. Na shiga kai wa babanki ruwa na tarar da tsuntsun a ƙasan keji, ƙafafu sama, ga abincinsa ga ruwansa ba abin da ya taɓa shi. Ke kika rubuta cewa tsuntsaye take fara kayarwa. Ni ma in na daɗe a shagon sai in ji gwiwoyina sun saki. Ban gaya wa kowa ba. Ina tsoron abin da kuka tsokana a can ne ya biyo sunanki har gida.

Ki tattara kayanki ki dawo. Umarni ne, ba shawara ba.

Kin tambayi inji don ki kawar da zance, na gane ki. Yana sito, bayan shago, a kulle, tunda an sace na gidan da ke kallonmu. Ba shi ne damuwarmu ba yanzu.

Mamanki.

*

Mama,

Direba ya ta da mota, a kan gwiwata nake rubutu. Iska ce ke damun Baba, kuma tana kisa. Ba ta tafki ba ce, a gidan take. Daga sito take fitowa, ta bi ta saman bangon da bai kai rufi ba ta sauka a kansa. Ita ta kashe kanari. Don Allah Mama ki fitar da shi waje yau, yanzu, kada ki jira Yaya. Kada ya sake komawa ciki. Ina neman izini in taho.

'Yarki.

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, da sauƙi sosai. Allah Ya yi miki albarka da kika daina gardama kika faɗi gaskiya. Dama na sani sito ne. Wuri mai duhu, ba a share shi, ba a ambaton Allah a cikinsa, me zai hana?

Na yi yadda kika ce. Ina gama karantawa na fitar da shi waje. Ya yi ta faɗa, wai a tsufansa za a kore shi daga shagonsa. Na ce, "Injiniyarka ce ta ce." Sai ya ɗauki matashinsa ya fito. Na shimfiɗa masa tabarma a rumfar tsakar gida, na rufe shagon na riƙe mabuɗi. Kwanakin nan ko ciwon kai babu, yana ci yana sha, launinsa ya dawo. Kin ga maganarmu ta tabbata.

Sai dai ba zai yiwu mutum ya bar sana'arsa saboda abin da ba shi da hurumi a gidan ba. Kayan makarantar yara sun taru, iyaye suna ta sallama a ƙofa, ruwa kuma ya fara feso rumfar. Mu ne masu gida, iskar ce baƙuwa, ita za ta fita. Na yanke shawara. In makon nan ya fita zan buɗe ƙofar da ke tsakanin sito da shago, in cika kasko da garwashi in zuba turare, in rufe ƙofar waje, in ƙara tsumma a duk wata kafa, yadda hayaƙin zai ratsa ko'ina kuma wata ba za ta samu hanyar shigowa ba. Babanki zai zauna ciki yana aikinsa yana karatu a bakinsa, don ta san ba tsoronta ake ji ba. Na sayo masa fetur cikin jarka, injin ba zai tsaya ba.

Ki kwantar da hankalinki. Uwarki ta san abin da take yi.

Mamanki.

*

Mama, Mama,

Ba Baba nake nufi ba. INJIN za ki fitar. Janareta. Wayyo Allah, me na rubuta?

Ki saurare ni, ba aljani ba ne, ba iskoki ba ne. Hayaƙin inji ne. Ban da baƙin da kike gani yana fita ta salansa, akwai wani a cikinsa marar launi marar wari, guba ne. Yana fitowa da zafi, abu mai zafi kuma sama yake yi, kamar ruwan tukunya. Sai ya haye bangon sito, ya bi ƙarƙashin kwanon rufi, ya huce, ya gauraya da iskar da Baba ke shaƙa. Ɗumin da kuka ji daɗinsa, shi ne. Da tagar a buɗe take da wani ya fita, to an toshe ta. Garwashi ma irin gubar yake fitarwa. In kika haɗa inji da kasko kika rufe ƙofa, Mama, ba zai fito da ƙafarsa ba. Ke ma haka.

An ba ni izini, na taho, amma ruwa ya cinye gadar da ke ƙasan dutse, motoci sun tsaya. Na taka zuwa inda waya ke kamawa. Wayar Baba a kashe, na san tana cikin aljihun teburin ɗinki inda yake mantawa da ita. Ta Yaya ba ta shiga. Na kira har batir ya mutu. Wannan takardar wani mai babur zan ba, ya ce zai tsallaka da kwale-kwale ya ba motar farko. Ban san ranar da kika rubuta taki ba, ban san wane mako kike nufi ba. 

Ki kashe inji. Ki kashe garwashi. Ki cire tsummokin nan duka. Ki yi mini duk faɗan da kike so daga baya.

Ya Allah Ka sa ta riga.

'Yarki.

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Yana da rai. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Daga asibiti nake rubutu, a kan benci, kusa da gadonsa.

Takardarki ba ta riga ba. Washegarin faruwar abin ta iso, maƙwabciya ce ta kawo mini ita nan.

Na yi duk abin da na ce zan yi. Da hantsi na ta da inji, na buɗe ƙofar tsakiya, na ajiye kasko, na ja ƙofar waje na rufe shi a ciki. Ina kicin ina jin keke yana gudu, raina fari. Da aka kira azahar ban ji ya fito alwala ba. Mutumin da ba a taɓa tuna masa salla ba. Na kasa kunne. Keken yana gudu, amma ba irin gudun ɗinki ba, wanda ake tsayawa a juya yadi. Gudu ɗaya miƙaƙƙe, ba numfasawa.

Na tura ƙofa. Kansa yana kan teburin, ƙafarsa ta danne abin takawa, allura tana ta dukan wuri ɗaya har yadin ya huje. Na kira shi da sunan da ban taɓa kiransa da shi a gaban kowa ba. Bai motsa ba. Na kama kafaɗarsa, sai na ji nawa kan ya yi nauyi, wani barci mai daɗi yana jana, zuciyata na ce mini in ɗan zauna tukuna. Wallahi saura kaɗan in zauna. Abin da ya faɗo mini shi ne layin nan naki na wasiƙar farko, wanda na fi tsana, cewa wanda ya fita sarari shi ne ke tsira. Na ɗauki dutsen guga na jefi taga. Na kama wuyan rigarsa na ja shi a ƙasa kamar buhu, ban san inda na samu ƙarfin ba. A bakin ƙofa na faɗi ina ihu, maƙwabta suka ƙarasa.

Likitan da ya karɓe mu ba wanda ya duba shi a karon farko ba ne. Yana ganinsa ya ce, "Hajiya, akwai janareta a cikin gidan?" Na ce yana sito. Ya ce, "A kunne?" Na ce har da garwashi. Nan take aka sa wa babanki abin shaƙar iska a hanci da baki, ni ma aka sa mini. Na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ina tsoron in ɗauke ido ya tsaya. Sai bayan la'asar ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya janye abin daga bakinsa ya ce, "Hedimasta, wa ya fasa mini taga?" Na ce, "Ni ce, kuma ba za a gyara ba." A nan na yi kukan da ban yi ba tun safe.

Likita ya ce zai tashi, amma a sa ido a kan mantuwa na ɗan lokaci. Yau ya tuna sunan kowa, ya kuma tambayi kanarinsa, sai da na sake gaya masa.

Yanzu ke. Na karanta takardarki ta ƙarshe har na haddace, na kuma gane. Amma ki sani, duk karatunki, da kalma biyu kika kusa mayar da ni bazawara. Kin ce iska, ba ki ce wace iri ba. Kin ce shi, alhali maza biyu ne a wurin, ɗaya mijina ɗaya na ƙarfe. Wanda aka ba sani, an ɗora masa nauyin ya faɗe shi yadda uwarsa za ta gane, ko direba yana ta da mota ko ba ya tayarwa. Ban hana ki koma tafkinki ba. Tunda mutanen kwarin nan suna barci a ƙarƙashin irin abin da na gani, ki je ki riƙe musu murfin da kyau. Amma ki fara zuwa babanki ya gan ki.

Na sa an fitar da injin, an yi masa keji na ƙarfe a can ƙarshen tsakar gida, nesa da kowace taga. In ɓarawo na so ya zo ya ɗauka. Tsummokin na ƙone su a waje.

Ga dokar gidan nan daga yau, na gaya wa babanki, zan gaya wa yayanki, ke ma ki riƙe. Duk abin da ke cin mai ko gawayi ba ya aiki a ɗakin da aka rufe. Taga ba a toshe ta, mai jin sanyi ya ƙara riga. Kuma duk wanda ya ce iska a gidan nan, babba ne ko yaro, da baki ko a takarda, ba zai tashi daga wurin ba sai ya faɗi wacce yake nufi.

Mamanki.